Igiyar Rakiya ta Mayil Wan

Tun ranar da muka dawo Fatakwal ban yarda Uwani ta yi nisan da muryata ba za ta kai ba. Babu abin da ya faru kuwa. Gari lafiya lau, kasuwa ta buɗe, maƙwabta suna gaishe mu, har matar da muke haya a gidanta ta aiko mana da doya. Amma in ina wanke-wanke na ɗaga kai ban ga yarinyar ba, sai in bar kwano a ruwa in fita nema. A bayan ƙofa ina da ƙunshi: zane biyu, garin rogo, ashana, da takalmanta. Ba ni kaɗai ba. Duk matar da ta ga ranar da muka watse daga garin nan kafin yaƙi, ta kuma dawo bayansa, tana da irin wannan ƙunshin. Sai dai ba a zancensa.

Ku malamai da za a tura buɗe makaranta a Ogbete ta Inugu da Ochanja ta Anacha, ku nake rubuta wa. Sunana Hajara, ni ce mai rakiyar yara a makarantarmu ta Mayil Wan. Na ji abin da ɗayanku ya faɗa shekaranjiya da na wuce da yara, wai wannan ma aiki ne, mace ta riƙe igiya kamar mai kai awaki kasuwa. Ban ji haushi ba. Na ga kowannenku da takardar tsarin makaranta a hammata, an buga ta da tafireta, gwanin kyau. Irinta na taɓa gani a manne jikin bango wata uku, ɗakin babu kowa sai bencuna. Karatuna bai wuce na yaƙi da jahilci ba, saboda haka ku yi haƙuri da hannuna.

Uwani 'yar fari ce, sunan mahaifiyar maigidana aka sa mata, shi ya sa muke sakaya shi. Da ta kai shekara shida, tsohuwa ta aiko daga Kano a kai mata takwararta ta sa ta a makaranta. Maigidana yana sayar da albasa, ba mai yawan magana ba ne. Ya ce da ni, “Hajara, 'yan kasuwa sun kama ɗaki za su buɗe makaranta. In ta tsaya, yarinya ta zauna. In ba ta tsaya ba, bayan Babbar Sallah ta bi motar Ɗan'azumi ta tafi wajen Inna.” Ɗan'azumi shi ne direban da yake kawo musu albasa daga arewa. Uwa ba ta musu a kan 'yar fari, kun san wannan.

Ɗakin da aka kama tsohon siton albasa ne, a ƙetaren babban titi. Gidajenmu suna wannan hannu, kasuwa da ɗakin suna wancan. Shugaban 'yan albasa, Alhaji Tanko, ya aika Zariya aka zo da hedimasta, Malam Isiyaku, saurayi dogo mai tabarau, bai taɓa taka kudu ba sai wannan zuwan. Mutumin kirki ne, mai himma. Ya zauna ya rubuta takardarsa: a sayi benci, a shafe allo, a rataya ƙararrawa, a buɗe rajista, a gina masai, a shiga aji ƙarfe bakwai da rabi, kowane uba ya kawo ɗansa. Bayan sallar Juma'a aka karanta wa maza. Kowa ya ce madalla. Kowa ya faɗi yawan 'ya'yansa aka rubuta. Babu wanda ya shigo cikin gida ya karanta wa kowa.

Ranar buɗewa yara bakwai suka je, Uwani a cikinsu, babanta ya saɓe ta a kafaɗa ya ƙetare da ita. Ni ina tsakar gida ina tankaɗe, kunnena yana ƙetaren titi. Sai na ji ƙarfe. Kwang, kwang, kwang, babu tsayawa.

Abin da Malam Isiyaku bai sani ba, a unguwarmu wancan karon da muka watse, da rim ɗin mota aka yi shela. An rataya shi a bakin masallaci, aka ce duk wanda ya ji ana dukansa ya ɗauki 'ya'yansa ya nufi tasha. An kuwa buga shi. Shi kuma hedimasta ya nemi ƙararrawa bai samu ba, sai wani bakanike ya ba shi tsohon rim kyauta, ya rataya a ƙofar aji, ya samu guduma ya hau duka don yara su shigo.

Ban san lokacin da na ƙetare titi ba. Babu mayafi, babu takalmi, gari har gwiwar hannu. Ina shiga na tarar da mata huɗu sun riga ni. 'Yan kasuwa wasu har sun fara jan buhuna cikin rumfa. Malam Isiyaku yana tsaye da guduma a hannu yana cewa, “Bayin Allah, lafiya? Lafiya?” Kowace ta fizgi nata ta fita. Washegari ko yaro ɗaya bai je ba.

A gidanmu akwai wata tsohuwa, Gwaggo Delu, ungozoma ce, rabin yaran unguwar ita ta yanke musu cibi tun kafin a watse. Ita ce ta koya mini aikin nan, ko da yake ita ba ta taɓa kiransa aiki ba. Da yamma hedimasta ya zo zaurenmu ya yi sallama da ita, don an ce masa ita ce mai jin bakin mata. Ni na kai musu ruwa na raɓe a bayan ƙofa.

“Gwaggo, wallahi ban sani ba.”

“Ai da ka sani da mun ce mugu ne kai. Yanzu kuwa wawa ne kawai, wannan yana warkewa. Karanto mini takardar taka in ji.”

Ya karanta tun daga sama har ƙasa. Ta bari ya gama, ta ce, “To madalla. Waye zai kai su?”

“Iyayensu maza.”

“Waɗanda suke fita tun asuba su tari mota? Ɗan nan, wanda ya ce maka madalla a masallaci ba shi ne yake ɗaura wa yaro wando ba. Kai ka roƙi mai rumfa, yaro kuwa yana hannun mai ɗaki.” Sai ta ɗaga murya. “Ke Hajara, fito, na ga ƙafarki. Ga wadda ta fi kowa gudu jiya. Kunyar 'yar fari ma a titi ta zubar da ita. Wannan in ta riƙe yaro, tirela ma ba ta ƙwace shi.”

Haka na samu aiki. Maigidana ya yi kwana biyu yana tunani, sannan ya ce in sa babban mayafi in je. Hedimasta kuma ya faɗa mana gaskiyar magana: Alhaji Tanko ya ce in Babbar Sallah ta zo ɗakin bai cika ba, albasa za ta koma ciki.

Zagayen farko da Gwaggo muka yi shi, gida gida, sati guda cur. Ni na ɗauka za mu shiga mu ce a ba mu yara. Ina! Sai ta zauna ta tambayi ciwon ƙafar mai gida, ta duba cibiyar jariri, ta ɗanɗana miya ta ce gishiri ya yi kaɗan. Sai mun miƙe za mu fita take cewa, “Af, gobe Hajara za ta wuce da tata, in kina so ta haɗa da naki.” A hanya ta ce da ni, “Kada ki yabi makaranta, ba ki san ta ba. Ki ce ke za ki kai, ke za ki dawo da shi, hannu da hannu. Abin da za ki iya kawai za ki faɗa.”

Igiyar kuwa a rumfar maigidana na ɗauko ta, irin wadda ake ɗaure lodi da ita, mai kauri. Na yi mata ƙulli ƙulli, tsakanin kowane biyu kamu ɗaya, don kada yaro ya taka dugadugan na gabansa. Da farko ƙulli ne kawai. Sai na ga da safe ana faɗa a kan wa zai riƙe na gaba, ni kuma in an taru ina rikicewa wajen gane wanda bai fito ba. Rajista tana wajen hedimasta, ko an ba ni kafin in haɗa baƙaƙen suna ɗaya an tashi. Sai na ce kowace uwa ta yago mini ƙyalle daga tsohon zanenta. Na ɗaura kowane ƙyalle a ƙulli ɗaya. Yaro ya san zanen uwarsa ko cikin barci, babu sauran faɗa. Ni ma in na ga ƙyalle yana lilo babu hannu a kansa, na san ƙofar da zan koma in buga.

Kada ku raina wannan. Mace ba ta yaga zanenta ta ba wanda ba ta yarda da shi ba. Ranar da ta miƙo ƙyallen, ranar ta sa ɗanta a makaranta, ba ranar da mijinta ya faɗi suna a masallaci ba.

Sauran kayan aikina ba su da yawa. Takalmin roba, don na fata kwana uku yake yi a taɓon yankinmu na Diyobu. Lema babba guda. Buhunan roba da na farke gefe ɗaya, yaro ya kifa a ka ya sauko masa har gwiwa, don ruwan garin nan ba irin na gida ba ne da za a ce a jira ya ɗauke. Sai tsumma a ƙugu na share hanci. Ƙanana a gaba kusa da ni, manya a baya, wadda ta fi kowa hankali a ƙullin ƙarshe.

Ƙetare titi shi ne aikin. Lokacin nan kuɗin mai ya fara shigowa gari, tankoki da tireloli da motocin siminti ba sa yankewa. Kwana uku na yi ina zuwa bakin titi ni kaɗai ina kallo kafin in ɗauki ɗan kowa. Na lura da sassafe motocin a guje suke, amma in rana ta ɗan ɗaga sai gosulo ya kama daga mahaɗa, su riƙa tafiya kamar masu rakiyar amarya. Na kuma lura famfon unguwa da safe yake kawo ruwa, yaran da suka isa ɗaukar bokiti duk suna layi a lokacin. Na je na faɗa wa hedimasta bakwai da rabi ba za ta yiwu ba.

“Hajara, haka ake yi a ko'ina. Haka yake a takarda.”

“Malam, famfo bai karanta takardar ba.”

Ya cire tabarau ya goge. Washegari ya bi ni bakin titi ya tsaya da agogonsa, ya bi ni bakin famfo ya ga yaransa a layi. Da ya koma ya soke bakwai da rabi da jan biro ya rubuta takwas da rabi. Abin da na fi girmama shi da shi ke nan: yana iya soke rubutun hannunsa.

A mahaɗar akwai wani mai ba da hannu, cikin masu rigar ruwan lemo da ake kira yalo fiba, sunansa Bonifas. Ba ya jin Hausa, ni kuma Turancina na kasuwa ne. Ranar farko na tsaya a gabansa da yara tara na nuna masa igiya na nuna masa ƙetare. Ya dube mu ya fashe da dariya, ya shiga tsakiyar titi ya ɗaga hannu. Daga ranar, da ya hango lemata sai ya yi ihu, “Mama pikin don kam! Oga direba, hol am!” wato uwar yara ta iso, direba ya tsaya. In wani direba ya matsa ham, sai ya je ya buga masa bonet ya ce ko shi ba a haife shi ba ne. Duk ranar da motar albasa ta sauka ina kai masa albasa a ƙullin mayafi. Sunansa ba ya cikin takardar tsari, amma ba don shi ba babu makarantar.

Masai kuwa wata biyu ya yi a takarda. Duk taron kwamiti sai a karanta “a gina masai”, a ce in sha Allahu, a tashi. Ni kuwa nake kai yara bayan sito ɗaya bayan ɗaya, masu rumfunan wajen suna zagina da yarensu, da gaskiyarsu. Rannan na tari hedimasta na yi masa irin tambayar Gwaggo: waye zai haƙa, wace rana, da shebur ɗin wa? Ya ce kwamiti. Na ce kwamiti ba shi da hannu, a faɗi mutum. A taro na gaba ya ƙi barin a tashi sai da aka rubuta suna a gaban layin: wane zai ba da bulo, wane zai turo leburori biyu ranar Asabar, wane zai ba da kwanon rufi. Ya kuma manna takardar a ƙofar masallaci inda kowa zai ga sunansa. Cikin kwana goma aka gama. Daga nan duk layin da ya rubuta sai ya ja masa gida biyu a gefe, ɗaya na suna, ɗaya na rana. Layin da ya rasa mai suna sai ya ce wannan ba tsari ba ne tukuna, fata ne.

Duk da haka ɗakin bai cika ba. Azumi ya wuce, Ƙaramar Sallah ta wuce, igiyata ba ta kai rabi ba. Wannan ita ce shekarar da ta fi kowace wuya, ruwa kamar ba zai ƙare ba, lambatu ya cika ya shigo aji, yara suna tari. Alhaji Tanko ya fara turo mutane suna auna ɗakin da ido. Ɗan'azumi kuwa duk zuwansa sai ya tsaya a ƙofarmu ya ce, “Ina fasinjata? Inna ta ce in gaishe ta, ta saya mata allo da jaka.”

Gidajen layin baya su ne suka ƙi. A can akwai wata mata, Tabawa, duk layin ita suke kallo. Wancan karon da aka buga ƙarfe, ɗanta na fari yana makarantar mishan a wani gefen gari. Ta shiga jirgi babu shi. Sai bayan shekara huɗu aka same shi a hannun wasu mutanen kirki da suka riƙe shi, ya manta Hausa. Yanzu tana da 'yan biyu mata, sa'o'in Uwani. Sau biyar ina zuwa gidanta. A na shida ta ce in zo mata da hedimasta.

Ya tsaya a zaure, tana daga bayan labule.

“Malam, an ce kana da takarda mai faɗin komai.”

“Muna dai ƙoƙari, Hajiya.”

“Ban je Makka ba, Tabawa sunana. Tambaya ɗaya ce. In abu ya tashi suna hannunka, ina za ka kai su? Ni kuma ina zan nufa?”

Ya ce in Allah ya yarda babu abin da zai tashi, ƙasa ta zauna lafiya.

“Wancan hedimastan ma haka ya ce. Sai an jima, Malam.”

Muka kama hanya har bakin famfo. Ya ce, “Hajara, duk matan nan abin da ke ransu ke nan?” Na ce masa ya tambayi kowace abin da ke bayan ƙofarta. Ya ce ke fa? Na ce ni ma.

Da Gwaggo muka zauna mu uku muka yanke. In wani abu ya tashi, komene ne, babu uwar da za ta ƙetare titi. Ni zan ɗora yara a igiya, hedimasta a baya, mu bi ta ƙarƙashin babbar kwalbati inda mota ba ta bi, mu fito bayan masallaci, mu shiga tsakar gidan Gwaggo. A nan kowace uwa za ta zo ta tarar da nata a kan ƙyallenta. Malam Isiyaku ya rubuta shi a ƙasan takardarsa da gidajensa biyu. A gidan suna ya sa nawa da nasa. A gidan rana ya sa kowace Alhamis, don ya ce abin da ba a gwada ba ba a iya shi ba.

Da maza suka ji, sai da aka yi taro a kansa. Alhaji Tanko ya ce, “Malam, mun kawo ka koyar da abacada, ka koma koyar da gudu? Wannan ai kiran fitina ne. Mutanen gari su gan mu muna atisaye su ce me?” Hedimasta ya ce, “Alhaji, ku kuna da inda za ku haɗu in an rabu, na ji kuna faɗa a rumfa. Yara ne kawai ba su da shi.” Alhaji ya ce a yi, amma kada a yi ihu, kuma Sallah tana nan inda take.

Alhamis huɗu muka gwada. Yara sun ɗauke shi wasa, suna shiga kwalbati suna kukan kwaɗi. A ta biyu muka gane ƙananan ba sa iya hawa gangaren fita in an yi ruwa, sai hedimasta ya sa aka jera buhunan yashi. Tabawa tana tsayawa a bakin layinsu tana kallonmu muna wucewa. Ba ta ba da ƙyalle ba. Amma mata uku na layinta sun bayar.

Saura kwana tara Sallah, ranar Talata da hantsi, tankar mai ta kife a mahaɗa. Mu a aji ƙara kawai muka ji, sai ihu, sai gudu. Wasu suna gudu daga wajen, wasu suna gudu zuwa wajen da bokitai, babu mai gaya wa wani abin da ya faru. Wani ya ce wuta, wani ya ce an fara. Kalmar nan ta biyu ita ta tashi kasuwa. Na ji ana jan ƙofofin rumfuna.

Igiya kawai na warware. Kowa ya kama ƙyallensa kamar ranar Alhamis. Muka bi bayan sito, muka shiga kwalbati, ruwa har idon sawu, warin fetur ya cika ta. Wani ƙarami ya fara kukan kwaɗi, sauran suka ɗauka, ni kuwa na bar su. Muka fito bayan masallaci muka shiga gidan Gwaggo. Ta riga ta shimfiɗa tabarmi, tana zaune tana tsinke zogale.

Matan suka fara shigowa, wasu da ƙunshinsu a ka. Babu wadda ta ƙetare titi. Kowace ta bi igiya da ido har ta kai kan zanenta, ta ga hannu a kai. Wata ta zauna a ƙasa daɓas. Wata ta hau faɗa da ɗanta don ya jiƙa wando. Kafin a jima labari ya zo cewa mota ce ta faɗi, direban ma ya fito da ƙafarsa, 'yan kwana-kwana sun tare hanya.

Maza ne ba su san inda za su nufa ba, don su a taro ba su saurari ƙarshen maganar ba. Maigidana ya ruga makaranta ya tarar da ɗaki wayam, takalman yara a warwatse. An ce mini ya fito yana kiran sunan yarinyar na gaskiya, sunan mahaifiyarsa, a tsakiyar kasuwa, sai Bonifas ya kamo hannunsa ya nuna masa bakin kwalbati. Ya shigo gidan Gwaggo da taɓo har gwiwa, hula babu. Uwani tana zaune riƙe da ƙullinta tana cin gyaɗa. Ya tsaya ya dube ta, ya dubi igiyar tun daga farko har ƙarshe.

Gwaggo ta ce, “Sannu da atisaye. Kai ma ranar Alhamis ka riƙa zuwa, mu ɗaura maka ƙyalle.”

Tabawa ta zo daga baya, ko da yake ba ta da kowa a igiyar. Ta tsaya a ƙofa ta ga ana raba yara hannu da hannu har aka gama. Washegari da safe ina wucewa ta layinsu na tarar da ita a ƙofar gida da 'yan biyunta, an yi musu kitso. Ta kama bakin zanen da ke jikinta, ba tsoho ba, ta sa haƙori ta yage ƙyalle biyu ta miƙo mini. Ta ce, “Kusa da ke za ki sa su.” Kafin sati ya zagayo sai da na je rumfa na ɗauko igiya ta biyu, aka kuma nemo wata mata ta riƙe ta.

Bayan Sallah da kwana uku Ɗan'azumi ya tsaya a ƙofarmu, ya gama lodin komawa. Ya ce ina fasinjarsa, ya bar mata wuri a gaba kusa da taga. Ina ɗaki ina ji. Maigidana ya shiga ya fito da jarkar manja, ya ce, “Ɗora wannan a wurin. Ka ce wa Inna takwararta tana gaishe ta, tana aji ɗaya, in an yi dogon hutu za mu kawo ta ta gan ta. Allon da jakar kuma ka taho da su.”

Yau shekara biyar ke nan. Uwani tana karanta mini wasiƙa, ita ce ma take gyara mini wannan. Igiya huɗu muke fita da su yanzu, ni da goyo a baya. Malam Isiyaku an ɗauke shi zuwa wata babbar makaranta, an yi hedimasta biyu bayansa, kowanne ya zo da sabuwar takarda. Ɗaya ya so ya hana igiya, wai ba ta dace da zamani ba. Na ce to, ya zo ya yi rakiya da kansa kwana ɗaya. Bai kai la'asar ba ya aiko a ci gaba. Rim ɗin nan kuwa yana bayan masai, an kifa shi ana ɗora buta a kai. Da tafi ake shiga aji a makarantarmu har gobe. Ƙunshina yana nan a bayan ƙofa, ba zan yi muku ƙarya ba, sai dai na cire takalman yarinyar, sun yi mata kaɗan.

Ban san Ogbete ba, ban san Ochanja ba. Wataƙila can babu titi irin namu, babu famfo mai zuwa da safe, abin da ke bayan ƙofar matansu ma wataƙila daban ne. Kada ku ɗauki igiya ku tafi da ita don ta yi aiki a nan. Roƙona ɗaya ne. In kun sauka, kafin ku buga wa takardar nan ƙusa, ku nemi tsohuwar da take shiga kowane gida, ku zauna a zaurenta ku karanta mata tun daga sama har ƙasa. Inda duk ta ce waye zai yi, kada ku tashi sai kun rubuta sunan mutum. Kuma don Allah kada ku daki ko wane irin ƙarfe sai kun tambaya.